Muhawarar Zangon Kwatano: A Tsuke Ƙofa, Ko A Bar Ta A Buɗe?

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, kafin mako ya zagayo kuma aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Daga baya Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata. Kayan Nijar suka koma shigowa ta Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar soja. Mutane kuwa ba su daina tsallakowa ba, kwale-kwale ya karɓi aikin gada.

Cikin masu tsallakowa akwai ɗan kasuwa, akwai ɗan ci-rani, akwai mata da yara masu bara, akwai kuma wanda ya baro garinsu da dare saboda masu bindiga sun ba da wa'adi. Irin na ƙarshen nan ya fi yawa a arewa, a jihohin Alibori da Atacora, inda 'yan Burkina Faso da 'yan Nijar suka fake a ƙauyukan da su ma ba su tsira daga hari ba. Amma wasu sukan bi doguwar hanyar nan ta Kandi da Parakou, kilomita sama da 700, su iso Kwatano. Mai jin Hausa ko Zabarmanci ko Dendi in ya iso, ba sai an nuna masa hanya ba, zango zai nufa.

Wanda bai san unguwar ba zai zaci gardamar ta 'yan ƙasa ce da baƙi, Fon a gefe, Hausawa a gefe. Ba haka take ba. Daga bakin babban masallacin Zongo har majalisun Agontinkon, masu musun nan sahu ɗaya suke bi a salla, sau da yawa ma surukan juna ne. Wasu na cewa lokaci ya yi da hukuma za ta tsuke ƙofa, ta ƙidaya kowa, ta mayar da wanda bai da dalilin zama. Wasu na cewa duk ranar da ɗan zango ya taya ɗan siyasa kiran wani baƙo, ya fara haƙa ramin da shi ma zai faɗa.

Masu cewa a tsuke ƙofa

Hujjarsu ta farko jini ce. A watan Mayun 2019 aka sace wasu Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari, aka kashe ɗan Benin ɗin da ke musu jagora. Mutanen Kwatano sun ɗauka abin na daji ne, can nesa. Zuwa ƙarshen 2021 an fara kai wa sojoji hari a Porga. A harin 17 ga Afrilun 2025 a yankin gandun W, gwamnati da bakinta ta ce sojoji 54 aka kashe, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM kuma ta ɗauki alhaki. Ƙasar da ke binne 'ya'yanta haka, in ji su, ba za a ce mata ta kau da kai daga masu shigowa ba. Mahara ba da tuta suke tsallako iyaka ba. Hanyar da mai gudun hijira ya bi ita suke bi, man fetur da babura da abincinsu kuma a kasuwannin bakin iyaka ake saya. Sukan tuna wa Bakano cewa Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, daga Kamaru ya zo, an taɓa korar sa daga Kano ya dawo, aka zuba masa ido har abin da ya faru a Disambar 1980 ya faru.

Hujja ta biyu ta cikin gida ce, kuma ita ta fi kama ni. Tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke tashi daga Kano ya ratsa Borgu da Djougou zuwa Gwanja, baƙo ba ya sauka a sarari. Yana da fatoma, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, in ya yi ɓarna kuma shi za a fara kamawa. Fatoma ya kai shi gaban sarkin zango, liman ya san fuskarsa, kafin wata ya ƙare an san ubansa da garinsu. Yau yaro zai sauka a tashar Jonquet da lambar waya rubuce a guntun takarda, ya kira ba a ɗauka ba, ya kwana a barandar shago, da safe ya rataya akwatin gyaran takalmi ya shiga gari. Ba wanda ya tsaya masa, ba wanda zai amsa in an tambaya. Dattawan da aka haifi kakanninsu a nan, masu katin ɗan ƙasa, masu jin Fon da Faransanci kamar Hausa, suna cewa in wani abu ya fashe ɗan sanda ba zai tsaya tambayar wa ya zo bara, wa ya zo tun zamanin Turawa ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ba su manta da farkon 2017 ba, da hukumomi suka hana shimfiɗa tabarmar Juma'a a kan titi, sai da shugabannin Musulmi suka zauna da Shugaba Patrice Talon kafin ƙura ta lafa. Darasin da suka ɗauka shi ne zaman zango na lallaɓawa ne, kuma gara su share gidansu da kansu kafin a zo a share musu.

Abin da suke maimaitawa shi ne: ba mu ce a kore su ba, a san su. Ƙasar da ta yi wa 'ya'yanta rajista ɗaya bayan ɗaya tun 2017, ta ba kowa lamba, don me za ta bar baƙo ba suna ba adireshi?

Amsar masu cewa a bar ta a buɗe

Waɗannan ba sa musun jinin da aka zubar. Abin da suke musu shi ne inda maganar kan ƙare in ta fita daga bakin dattijon zango ta shiga bakin mai neman ƙuri'a, kuma shaidarsu tarihin gaɓar tekun nan ne.

Suna farawa da masu masaukin kansu. A Oktoban 1958 aka far wa 'yan Dahomey, wato Benin ta yau, da 'yan Togo a Abidjan, wai sun kwashe ayyukan ofis, aka loda su a jiragen ruwa. A Disambar 1963, ana cikin rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori 'yan Dahomey daga Nijar, malaman makaranta da akawuna da iyalansu, Dahomey ta rama da toshe hanyar kayan Nijar. Shi tsibirin sai 2005 kotun duniya ta yanke cewa na Nijar ne, shekara 42 bayan an raba mutane da gidajensu a kansa. A Yulin 1978 shugaban Benin Mathieu Kérékou da na Gabon Omar Bongo suka yi cacar baki kan harin da sojojin haya na Bob Denard suka kai Kwatano, waɗanda suka biya kuɗin cacar kuwa dubban 'yan Benin ne da aka kwashe daga Gabon. Ko ɗaya daga cikinsu bai kai wa kowa hari ba. Shugabanni ne suka ɓata, talaka ya ɗauki kaya.

Sannan su juyo kanmu. Ranar 18 ga Nuwambar 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da bai da takardar zama mako biyu ya fice daga Ghana. Zangunan Kumasi da Accra suka girgiza. Cikin waɗanda suka fita akwai Hausawa da Yarbawa da aka haifa a can, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba, suka sayar da gida da shago a farashin wulaƙanci. A Janairun 1983 Najeriya ta rama, ko ta maimaita: kuɗin mai ya faɗi, zaɓe na tafe a Agusta, ministan cikin gida Ali Baba ya ba da mako biyu shi ma. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana. Tsofaffin Kwatano sun gani da idonsu, domin ta nan ayarin ya bi. Iyakar Ghana na rufe, jama'a suka taru a Seme da cikin Benin da katifu da tukwane a ka, ana haihuwa ana mutuwa a bakin hanya. Korar ba ta tayar da darajar mai ba, Shagari kuma bai kai ƙarshen shekarar a kan mulki ba.

Ko katin ɗan ƙasa, in ji su, ba garkuwa ba ne in siyasa ta so mutum. A 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka ajiye shi a Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo da shi. Wanda aka yi wa ɗan majalisa, mai shayi a Zongo yana ganin ba za a yi masa ba?

Misalinsu na kusa shi ne Tunisiya. A Fabrairun 2023 Shugaba Kais Saied ya ce shigowar baƙaƙen Afirka makirci ne na sauya asalin al'ummar ƙasarsa. Cikin kwanaki masu gidaje suka fara fitar da 'yan haya, har ɗaliban da ke da cikakkun takardu, ƙasashen Gini da Mali da Kodibuwa suka aika jirage kwasar mutanensu. Jawabin bai ce a taɓa mai takarda ba. Ɗan daba ne bai iya karanta takarda ba.

Masu tsukewa sun sake magana

Sun ce duk wannan labarin korar jumla ne, su kuwa tantancewa suke nema. Doka da kanta ta raba mai gudun hijira da mai neman abinci. Na farko yana da haƙƙin kada a mayar da shi inda za a kashe shi, kuma Benin ba ta taɓa rowar wannan ba: ta karɓi 'yan Togo a 1993, ta karɓi 'yan Ogoni bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, ta sake karɓar 'yan Togo sama da 20,000 a 2005 ta zaunar da su a Comé da Agamé. A Disambar 2022 ma ta yi sabuwar doka kan 'yan gudun hijira da marasa ƙasa. Na biyun kuwa baƙo ne kamar kowane baƙo, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba shi ba tare da biza ba, ba ta ce ya tare ba. In aka bar kowa ya fake da sunan hijira, mai hijirar gaskiya ne zai rasa tausayin jama'a.

Sukan nuna mata da yaran da ke tsaye a mahaɗar tituna da roba a hannu. Wannan ba gudun yaƙi ba ne, in ji su, sana'a ce mai dillalai, ana ɗauko yara daga ƙauyukan Kance da Magarya a jihar Damagaram a raba su biranen duniya. Senegal ta mayar da irinsu a 2022, Ghana ma haka, kuma gwamnatin Nijar da kanta ta tura jirage ta kwaso nata daga Dakar don abin ya zame mata abin kunya. Yaron da ya kamata a ce yana makaranta, tausayi ne a bar shi a rana a tsakiyar 'yan zemijan, wato 'yan acaba?

Sai kuma maganar ramuwa, wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba amma tana nan. Benin ta cire wa duk ɗan Afirka biza. Nijar ta toshe gada, ta zargi Benin da ɓoye sansanonin Faransa, ta fice daga ECOWAS. Ta yaya ɗaya zai riƙa buɗe ƙofa ɗaya na dannawa? Ƙasashen Turai masu arziki ma suna cewa sun gaji, balle ƙasar da ma'aikacinta ke raba ɗaki ɗaya da iyalinsa.

Martani na biyu

Rabon da doka ta yi a takarda, in ji masu buɗewa, ba ya rabuwa a ƙasa. Ɗauki manomin wani ƙauye a Dosso ko gabashin Sakkwato. Ba a harbe shi ba. An kore masa shanu, an sa wa ƙauyen haraji, an hana shiga gona da nisa, kasuwar mako ta mutu. Damina biyu bai cika rumbu ba, ya taso. In ka tambaye shi me ya kawo shi, zai ce neman abinci, domin Bahaushe ba ya son ya ce gudu ya yi. Da wannan amsar jami'i zai rubuta shi ɗan ci-rani. Alhali yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda tashin hankalin da ya dagula zaman jama'a ya tilasta wa barin gida. Shi bai san da ita ba, bai san akwai ofishin da ake neman mafaka ba, takardar haihuwa ma ba a taɓa yi masa ba. Abin da ke aljihunsa katin zaɓe ne da ya koɗe, an naɗe a leda.

Game da ƙasa matalauciya, sukan ce ai matalautan ne ke ɗauke da kayan tun asali. Alƙaluman hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna wajen kashi biyu cikin uku na masu gudun hijira a ƙasashen maƙwabta suke zaune. Chadi kaɗai na riƙe da sama da miliyan. Tun 2019 jihar Maraɗi ke karɓar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, da farko a cikin gidajen talakawa, daga baya a wurare irin su Garin Kaka da Chadakori. Ba wanda ya tambaye su biza. Kamaru kuma, da ta zaɓi ɗaya hanyar, ta mayar da dubban mutanen garin Rann na Najeriya a Janairun 2019, cikin watan aka sake kai wa garin hari. Turan da ake kafa hujja da ita fa? Ingila ta ƙulla shirin kai masu neman mafaka Ruwanda a 2022, kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka a 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024 ta ce ya ci fam miliyan 700, ba a tilasta wa ko mutum ɗaya hawa jirgin ba. Jawabai dai an sha su.

Akwai wani misali da ke sa majalisa ta yi tsit. A Janairun 2021 ɗan fafutukar Yarbawa Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan kwana bakwai su tashi. A Yulin shekarar shi da kansa ya gudo, aka kama shi a filin jirgin Kwatano, kuma abin da ya hana a miƙa shi Abuja shi ne an kai maganarsa gaban alƙali. Mai ba da wa'adi ya ci albarkacin dokar da ya hana wasu. Kafin mu yi dariya, mu tuna cewa a Yunin 2017 wasu matasan Arewa sun taru a Kaduna sun ba Ibo wa'adin barin Arewa.

Tankaɗe

In aka ajiye zafin baki, ɓangarorin biyu daga tsoro ɗaya suka taso: kowa ya yarda cewa ranar da abu ya ɓaci ba za a raba tsohon ɗan zango da sabo ba. Ɗaya ya ce saboda haka a rage sababbi, ɗaya ya ce saboda haka kada a koya wa gari ƙyamar baƙo. A nan tarihi ya fi goyon na biyu. Mutanen Kumasi na 1969 ba sabon zuwa ne ya jawo musu ba, tattalin arziki ne ya tsuke aka nemi wanda za a ɗora wa.

Amma a kan rajista, ina ganin masu tsukewa sun fi gaskiya, kuma masu buɗewa na cutar da waɗanda suke karewa in suka ƙi ta. Mutumin da ba ya cikin kowane littafi shi ne wanda ake tatsa a kowane shinge tsakanin Malanville da Bohicon, shi ne wanda in an kwashe shi ba mai cigiya. Maganar yaran bara ma tana da nauyi, ko da yake kwashe su a mota ba ya taɓa dillalin da ya kawo su, kuma waɗanda aka mayar sukan sake fitowa. Hujjar tsaro kuwa rabinta ce ta tsaya. Gaskiya ne mahara na cin kasuwar bakin iyaka, amma hare-haren nan a dazukan arewa ake kai su, kuma kamen jumla da Fulanin yankin ke kuka da shi yana iya tura wa masu bindiga sababbin mabiya. Jan layi daga Porga zuwa mai gyaran takalmi a Agontinkon aikin ɗan siyasa ne.

Abin da ya rage, wanda ban ga ɓangaren da ya warware ba, shi ne wa zai riƙe littafin, kuma wa zai hana shi yin abin da ya ga dama da shi. Littafin da ke kare mutum yau shi ne jerin sunayen da za a bi gida-gida gobe. Gwamnatocin yankin nan ba su ba da dalilin a amince musu ido rufe ba. A Janairun 2018 Najeriya ta miƙa wa Kamaru jagoran 'yan awarenta Sisiku Ayuk Tabe da mutum 46, cikinsu har da masu neman mafaka, sai a 2019 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce an saɓa doka, lokacin suna kurkukun Yaounde. A Yulin 2025 aka ɗauko ɗan jaridar Benin Hugues Comlan Sossoukpè daga Abidjan zuwa Kwatano, alhali kamar yadda ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta bayyana yana da matsayin ɗan gudun hijira a Togo. Igboho ya ga alƙali saboda yana da lauyoyi da suna. Manomin Dosso ba shi da ko ɗaya. In da za a tabbatar cewa ba a mayar da kowa sai alƙali ya saurare shi da tafinta mai jin harshensa, in kuma za a sa sarakunan zango da limamai su zama masu tsaya wa baƙo a gaban hukuma kamar yadda fatoma ke yi, da rabin gardamar ta mutu. Ko dattawan za su yarda su ɗauki wannan nauyin, su da ke gudun a haɗa su da laifin wani, wannan ban da tabbas za su so a tambaye su a bainar jama'a.

Akwai kuma agogon da ke tafiya. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an sake sanarwa. Wato zaman ɗan Nijar mai canjin kuɗi a Zongo, da mai sayar da albasa a kasuwar Dantokpa, da wanda ya auri 'yar gari ya haifi 'ya'ya biyar bai taɓa neman takardar zama ba, yanzu ya rataya ne a kan wata sanarwa da ba su za su rubuta ba. Masu cewa a tsuke ƙofa ba su faɗi ko waɗannan na cikin waɗanda za a tsuke wa ba. Masu cewa a bar ta a buɗe kuma ba su faɗi wace doka za su nuna wa ɗan sanda ba in sanarwar ta fito.